Ɓurɓushin roba a cikin sukari: amsa ga wani mai shayi

Tambaya: Malam, ni mai shayi ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Na ji ana cewa akwai roba a cikin farin sukari. Gaskiya ne? In daina sa wa mutane ne?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar gaskiya ce, sai dai ba da gangan ake zuba ta ba. Ɓurɓushi ne da bai kai milimita 5 ba, mafi yawansa ma ido ba ya ganinsa. A 2024 wata ƙungiya a Indiya mai suna Toxics Link ta gwada sukari iri 5 da gishiri iri 10, babu ko ɗaya da ya kuɓuta. A sukarin an sami ƙwaya kamar 12 zuwa 68 a kowane kilo.

Wani tun a masana'anta yake shiga, wani kuwa a hannunmu. Dubi buhun kilo 50 da kake sayowa a babbar kasuwa: saƙar zaren roba ce, ga shi ya sha rana a kan mota. In ka yage bakinsa da wuƙa, ka lura da ƴan siraran zaren da ke zubowa kan sukarin. Warware ɗinkin a hankali, ka juye a kwalba ko kwanon ƙarfe mai murfi.

Game da illa, a 2022 masu bincike a Holan sun ga roba a jinin mutum 17 cikin 22. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a rahotonta na 2019 kan ruwan sha, ta ce haɗarin da alama kaɗan ne, amma a ƙara bincike. Don haka kada hankalinka ya tashi.

Ni abin da ya fi damuna a teburinka zafi ne. A 2019, a Jami'ar McGill ta Kanada, an tsoma jakar ganyen shayi ta roba guda ɗaya a ruwa mai zafin digiri 95, masu binciken suka ce ta saki ɓurɓushi sama da biliyan 11. Ina 68, ina biliyan 11? To haka zafi ke yi wa roba. Raina yana ɓaci in na ga an ƙulla wa yaro tafasasshen shayi ko koko a farar leda, ya ciji gefenta yana tsotsa.

Ci gaba da sa sukarinka daidai kima. Amma ka zuba shayin a kofin gilashi ko na tangaran, mai tafiya da shi gida kuma ka roƙe shi ya zo da kwanonsa.