Ƙarar janareton maƙwabci ta hana ni barci, kwalin ƙwai zai yi maganinta?

Malam, gaskiya kar ka ɓata kuɗinka a kwalin ƙwai, ko soson da ake mannawa a situdiyo, waɗannan amsa-kuwwar cikin ɗaki kawai suke ragewa, ba sa tare ƙarar waje, ga shi kuma wuta na saurin kama su.

Ƙara ta kafa take shigowa, duk inda iska ta bi ita ma nan za ta bi. To fara da ƙasan ƙofa da gefen taga, a sa roba a liƙe su sosai, in tagar luba ce ma ita ce babbar matsalarka, canja ta da gilashi mai kauri, in da hali mai ruɓi biyu. Labule mai nauyi da kafet suna ɗan taimakawa, kaɗan dai. Abu mai nauyi shi ke tare ƙara, shi ya sa bulo da aka cika da siminti ya fi falanki nesa ba kusa ba.

Sannan ka je ka samu maƙwabcin naka cikin mutunci, ya ɗora janareton kan tsohuwar taya, ya juya salansa daga saitin tagarka. In zai gina masa ɗaki ya bar wa iska hanya, hayaƙin nan yana kisa.