Ciwon ƙugu mai sauka har ƙafa

Tambaya: Likita, ina aikin tura alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa. Sati biyu ke nan wani ciwo yake tasowa daga ƙuguna ya bi bayan cinyar hagu har yatsu, kamar wutar lantarki. An yi mini ƙaho, bai daina ba. Me ke damuna?
Daga wani mai karatu, Makka

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Sa'ayi ɗaya ya kai wajen kilomita 3, kai kuma kana yinsa a sunkuye sau da yawa kullum. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai faya-fayen guringuntsi masu kama da matashi. Idan ɗaya ya bulluƙo, sai ya danne saiwar babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, wadda ta fi kowace jijiya kauri a jiki. Shi ya sa ƙafa ke kuka alhali matsalar tana ƙugu, kuma ƙaho ba ya kaiwa can.

Yawanci yana lafawa cikin sati 4 zuwa 6. Na san da aikin nan kake ci da iyali, amma ka huta da tura keke tukuna. Kada kuma ka lafe a gado. Riƙa ɗan tattaki, kuma ka je likita ya duba ka.

Abin da nake roƙonka ka riƙe: in fitsari ko bayan gida ya fara kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ƙafar ta fara jan ƙasa har silifa na zamewa, kada ka jira gari ya waye. Kira motar asibiti a 997.