Hukuncin tafiya Agadas a kan keke

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya gafarta. Ni matashi ne a Daura, na saba yin doguwar tafiya a kan keke, na sha zuwa Katsina in dawo. Yanzu ina so idan hunturu ya shigo in bi ta Kongolam in shiga Nijar, in wuce Matamaye da Damagaram da Tanut har Agadas, ni kaɗai. Mahaifiyata ba ta so. Shin tafiyar ta halatta? Zan yi ƙasaru? Kuma zan iya taimama alhali ina ɗauke da ruwa a jarka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tafiya a bayan ƙasa halal ce a asalinta, kuma keke abin hawa ne kamar raƙumi ko jaki. Allah ya umarce mu a Suratul Ankabut, aya ta 20, mu yi tafiya a cikin ƙasa mu duba yadda ya fari halitta. Kakanninmu fatake ma wannan hanya suka bi zuwa Azbin. Sai dai a ayari suka bi ta, da madugu, da wanda ya san inda kowace rijiya take. Kalmar da ta tsaya mini a tambayarka ita ce "ni kaɗai".

Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa Annabi (SAW) ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da babu matafiyin da zai yi tafiyar dare shi kaɗai. A Muwaɗɗa kuma ya zo cewa mahayi ɗaya shaiɗan ne, biyu shaiɗanu biyu ne, uku su ne ayari. Malamai sun sassauta idan hanya tana cike da jama'a kuma akwai aminci, shi ya sa ban ga laifin zuwanka Katsina ba. Amma daga Damagaram zuwa Agadas ya haura kilomita 400, kuma da ka wuce Tanut garuruwa sai su yi ta nisa da juna. Sarƙa ta tsinke, ko ƙaya ta huda taya faci ya ƙare, ko zazzaɓi ya kayar da kai a gindin wata ƙaya, wa zai ɗauko maka ruwa? Ga kuma 'yan fashi. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, garin da ke gaba da Agadas, yawancinsu mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mota ce fa, kuma suna da yawa. Allah ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Don haka tafiyar kai kaɗai ban halatta maka ita ba. Idan kun kai uku, da cikakkun takardun tsallaka iyaka, kuka tambayi mutanen hanya halin da take ciki a wannan makon, to babu laifi.

Ko da ka samu abokan, maganar mahaifiyarka tana nan. Wani ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya mayar da shi gare su. To ina ga yawon keke? Ka lallashe ta, ka kawo mata abokan tafiyar ta gan su. In ta ƙi, ka haƙura.

Batun ƙasaru yana da ɗan zurfi a mazhabarmu. Nisan da ake ƙasaru barid 4 ne, mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, kuma tafiyarka ta ninka haka sau da yawa. Amma Shehu Khalil a Mukhtasar ya cire mutum biyu daga wannan sunna: mai saɓo da tafiyarsa, da mai tafiyar wasa. Wanda ya fita iyayensa na fushi mai saɓo ne, ba shi da ƙasaru. Wanda burinsa kawai a ɗauke shi hoto a saka a Facebook, ƙasarunsa makaruhi ne. In kuwa da izini ka fita, da niyyar ziyara ko motsa jiki ko lura da ayoyin Allah, ka mayar da Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu tun daga inda gidajen Daura suka ƙare. Ka isa Agadas da niyyar kwana 4 cikakku, sai ka cika. Haɗa salloli biyu ya halatta, amma farilla sai ka sauka daga keken ka fuskanci alƙibla.

Ruwan jarka kuwa na sha ne. Duk lokacin da ka ji tsoron ƙishirwa ga kanka ko abokin tafiyarka kafin rijiya ta gaba, taimama ta halatta ko jarkar cike take, kuma wani lokaci ita ce wajibi. Na ga masu tsantseni da ke ganin wannan kamar rage addini ne, alhali kuskure suke. Ka bugi rairayi mai tsarki da tafukanka ka shafi fuska, ka sake bugawa ka shafi hannaye zuwa gwiwar hannu, kuma kowace farilla da taimamarta. Haka in janaba ta same ka a sanyin asubar hamada kana tsoron cuta: Amru bin Asi ya yi taimama saboda sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya ja mutane salla, da Annabi (SAW) ya ji labari sai ya yi dariya bai hana shi ba.

Wallahu a'alam.