Tsohon agogon gwal na wuya: in saya ko in bari?

Tambaya: Anti, ina Landan wajen 'yata da ta haihu. A kasuwar Portobello na ga wani ɗan agogon mata da ake ratayawa a sarƙa, bayansa da zanen furanni shuɗaye. Mai shagon ya ce gwal ne, ya haura shekara 100. Kuɗin da na ware na awarwaro ne. In saya? Daga wata Hajiya 'yar Zariya.

Amsa: Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Ajiya kike nema ko kwalliya? In ajiya ce, ki sayi awarwaronki. Ranar da kika kai agogon nan wurin mai gwal a Kano, sikeli zai ɗauko, kuma sai ya cire nauyin inji da gilashi, domin injin tagulla ne da ƙarfe. Gidan agogon kaɗai ne gwal, shi ma ba kauri gare shi ba. Yawancin kuɗin da za ki biya a Landan na aikin hannu ne da shekaru, kuma sikeli bai san wannan ba.

In kuwa ya shiga ranki ne, sa a buɗe miki murfin baya ki duba hatimi. Lamba 750 karat 18 ke nan, 585 karat 14, 375 kuma karat 9, wanda gwal ɗinsa bai kai rabi ba. Mu da muka saba da 21 da 22 na Saudiyya da Dubai sai mu ga launinsa ya yi mana fari. Kan damisa hatimin Landan ne, anga ta jirgin ruwa ta Birmingham ce, kan mikiya na Faransa. A Suwizalan, inda aka ƙera akasarin irin waɗannan, daga 1880 zuwa 1933 ana buga kan mace a karat 18, ɗan kurege a karat 14. In kin ga an rubuta garanti na shekara 20 ko 25, gwal aka shimfiɗa a kan tagulla. Akwai kuma murfi na biyu a ciki mai tare ƙura, sau da yawa shi ba gwal ba ne ko da na wajen gwal ne.

Ki ce a yi masa wani, wato a murɗa shi ya fara aiki, a gabanki, ki kara a kunne. Wanda ake yi wa wani da ɗan makulli ya fi tsufa, amma in ya lalace, mai gyaransa sai an tona. Zanen bayan kuma gilashi ne aka narka a kan gwal da wuta, in ya ɓantare ba ya komawa yadda yake. Ko tsaga ɗaya kika gani, ki nemi ragi sosai.

Tambaya: Anti, an ce furannin da ke jikin tsofaffin kayan ado na Turawa suna da ma'ana. Ina son yi wa matata kyauta, kada in je in sayo na makoki. Daga wani magidanci a Maradi.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya. A zamanin Sarauniya Victoria, 1837 zuwa 1901, Turawan Ingila sun mayar da fure saƙo. Ita kanta ta sayi agogon wuya na kamfanin Patek Philippe a baje kolin Landan na 1851, shuɗi, da furanni na lu'ulu'u. Jan wardi soyayya ne. Ganyen tsiron nan mai manne wa bango yana nufin riƙon amana, shi ya sa ake ba amare. Furen fansi, da sunansa ya fito daga kalmar Faransanci ta tunani, yana cewa kina cikin raina.

Mai rikitarwar shi ne ɗan shuɗin fure mai kunnuwa biyar da suke kira "kar ka manta da ni". Masoya na ba juna shi, ana kuma sa shi a kayan tunawa da mamaci. Ka dubi abin da ke kewaye da shi. In baƙi ne, ko akwai suna da ranar rasuwa, ko gashin mutum a ƙarƙashin gilashi (i, haka suke yi), na makoki ne, ka ajiye musu abinsu. Littattafan ma'anar furen ma ba su yi ittifaƙi da juna ba, don haka kada mai shago ya ƙara maka ko sisi saboda labari. Ka sayo wa uwargida ita kaɗai, kai ka san hukuncin gwal a jikin namiji.