Amsoshin Tambayoyinku: Wane Moto Ya Dace da Teburi Mai Juyawa?

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, amma ina da ɗan injin milin (mai yanka ƙarfe da wuƙa mai juyawa) a garejin gidana a Rikkos, Jos, nakan ƙera ƙananan kayan ƙarfe ranakun Asabar da Lahadi. Na sayi teburi mai juyawa na gwanjo, inci 6, da motonsa a jiki, sai dai moton ya ƙone kuma babu akwatin da ke sarrafa shi. So nake in riƙa yanka haƙoran giya da huda ramuka a kewaye. An ba ni shawara in ɗauki babban moto NEMA 34 in huta. Ya kake gani?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mayar da kuɗin aljihu tukuna, ka ɗauko baniya da biro. Teburin ne zai gaya maka moton da yake so.

Fara da cire mataccen moton. Sa alama a bakin teburin, ka juya sandar wom, wato sanda mai zare da ke juya giyar cikin teburin, da hannu kana ƙirga juyi nawa za ta yi kafin alamar ta dawo inda take. Yawancin tebura masu inci 6 juyi 90 ne, wato digiri 4 kowane juyi. Wasu ƙanana 72 ne. Duk lissafin da za ka yi nan gaba a kan wannan lambar yake tsaye, don haka ƙirga da kanka, kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa.

Aikin da ka ambata na moton sitefa ne, mai tafiya taki-taki. Wanda aka fi samu taki 200 yake yi a juyi ɗaya, digiri 1.8 kowane taki. Idan womɗinka 90 ne, taki 18,000 ke nan kafin teburi ya zagayo, kowane taki digiri 0.02. Ka raba takin gida 8 a jikin direba, wato akwatin da ke sarrafa moton, ka samu 144,000, wato taki 400 a digiri ɗaya. Wannan 400 ɗin ita za ka shigar a manhajar da ke ba da umarni. Ba na ganin amfanin raba taki ya wuce 8 ko 16. Motsi dai zai ƙara laushi, amma daidaito ba zai ƙaru ba.

Batun NEMA 34 kuwa, ban goyi baya ba. Lambar NEMA faɗin fuskar moto take nufi, ba ƙarfinsa ba: 34 milimita 86 ne, 23 kuma kusan 57. Wom ya riga ya ninka ƙarfin moto sau da yawa, saboda haka NEMA 23 mai ƙarfin juyi 1.2 zuwa 1.9 Nm ya ishi teburinka har da rara. Babban moto zai rinjayi teburin da nauyi, ya tokari gadon injin in ka kwantar da shi, sannan ranar da wani abu ya cije, maimakon ya tsaya sai ya cinye haƙoran giyar ciki, wadda samun madadinta ya fi samun moto wuya nesa ba kusa ba. In kana son tabbaci, ɗaura sifana a sandar, ka ja da sikelin rataye. Kilo 1 a nisan santimita 5 daga tsakiyar sanda kusan 0.5 Nm ne. Ninka abin da ka samu sau biyu ko uku, ka nemi moto a wannan ajin.

Inda nake so ka kashe kuɗi da lokaci shi ne mazaunin moto da kofilin, wato abin da ke haɗa sandar moto da ta wom, domin nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa. Ramukan noti na NEMA 23 tazararsu milimita 47.14 ne, tudun tsakiyar fuskarsa 38.1, sandarsa kuma 6.35 ko 8. Da wuya su zo daidai da na tsohon moton. Kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a Dilimi teburin da sabon moton gaba ɗaya, su fitar maka da mazauni daga guntun bututun alminiyam mai kauri, a sassaƙa bakunansa biyu a ɗauri ɗaya domin sandunan su kalli juna sosai. Kada ka yarda a yi maka walda da ido. Kada kuma a haɗa sandunan da sandararren ƙarfe. Sa kofilin Oldham ko mai roba a tsakiya, wanda zai shanye ɗan karkacewar da ba a rasawa. Abu ɗaya da ake mantawa: hannun juyawar da aka cire, a tebura da yawa shi ne ke riƙe wom kada ta riƙa zamewa gaba da baya. Dole a sa kwala ko beyarin da zai ɗauki wannan turin, kada ya faɗa kan moto.

Direba ka nemi DM542, da wuta mai 36V ko 48V. TB6600 ya fi araha kuma yana aiki, sai dai ya fi ƙara da zafi. Araha ba ta ado.

Kuma ka sani sabon moto ba ya maganin lako-lako. Jijjiga teburin da hannu. In yana motsi, akwai maɗaurin da ke matso wom kusa da giya, ka gyara shi har motsin ya ragu ba tare da ya cije a wani gefe ba. Sauran da ya rage, dabararsa ita ce kullum ka iso wurin yanka daga ɓangare guda, ka ɗaure makullan teburin kafin wuƙa ta taɓa ƙarfe.

Malam, ni mai walda ne a Farin Gada. Ina son teburin ya riƙa juya mini bututu a hankali ina walda. Moton waifa na mota zai yi?

Zai yi, Maigida, kuma kai ba ka buƙatar sitefa ko kwamfuta. Moton waifa 12V ne, da giyarsa a ciki, ga shi nan birjik wajen masu kayan gyaran mota kusa da kai. Haɗa shi da ɗan akwatin rage gudu na PWM da makunnin ƙafa. Abin kiyayewa shi ne wayar as, wadda wutar walda ke bi ta koma inji: maƙala ta a kan farantin ko a jikin bututun, kada wutar walda ta bi ta beyarin da wom, za ta yi musu tabo. Ka lulluɓe teburin saboda tartsatsi. Amma moton waifa ba ya ƙirga komai, ba zai raba maka da'ira ba.

Na riga na ɗaura NEMA 23. Da safe moton yakan yi gurnani ya tsaya, da rana kuma lafiya lau. Sannan na yanka giya mai haƙora 127, haƙorin ƙarshe ya fito siriri. In canza moto ne? Ɗalibi daga Bukuru.

A'a ƙanena, motonka lafiyarsa ƙalau. Sanyin Jos ne, musamman a Disamba da Janairu, ke daskarar da tsohon giris, ga ƙurar hunturu da ta cakuɗe da shi. Wanke wom da kananzir, ka sa man giya ko giris mai laushi. Sannan rage saurin tashi a manhaja, domin sitefa ƙarfinsa raguwa yake yi in gudu ya ƙaru. Juyi 300 a minti ya isa, zai ba ka digiri 20 a daƙiƙa a teburi mai 90. Duba amfiyar da ka saita a direba ta yi daidai da wadda ke rubuce a jikin moto. Kada ka taɓa zare wayar moto alhali direba na kunne, nan take yake ƙonewa.

Giyar 127 kuwa, na ji daɗi da ka gwada ta, ita ce ke ba injin sassaƙa ƙarfe mai ma'aunin inci damar yanka zaren milimita, tunda 127 sau biyu 254 ne, inci ɗaya kuma milimita 25.4. Raba 144,000 gida 127, za ka samu 1133.86. In manhajarka ta cike shi zuwa 1134 kowane haƙori, a ƙarshe ka zarce da taki 18, digiri 0.045, duk ya taru a haƙori ɗaya. Wannan kaɗan ne, amma gyaransa sauƙi: a lissafa matsayin kowane haƙori daga sifili, ba daga na bayansa ba. In sirantar ta fito fili har ido na gani, to moton ya zubar da taki a hanya ko kofilin ya zame. Sa alamar fenti a kan sanda da kofilin, ka umarci teburin ya zagaya sau ɗaya ba tare da yanka ba, ka duba ko ya dawo kan sifili.