Amsa: Yaya rayuwa ta kasance bayan yaƙin basasar Nijeriya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da aka ajiye makamai a Janairun 1970 komai ya koma daidai. Ina! Gowon, shugaban ƙasa na lokacin, dai ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, amma Inyamurin da ya taɓa asusunsa na banki lokacin yaƙi fam 20 kacal aka ba shi, komai yawan ajiyarsa. Da wannan wasu suka dawo Sabon Garin Kano suka sake kafa tebur.

Talaka kuwa, abin da ya fi shiga rayuwarsa shi ne canjin kuɗi. Naira ta zo a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, amma tsofaffi suka ƙi sakin sule da sisi a bakinsu. Kakata har ta rasu "sule goma" take kiran naira ɗaya. Kafin nan, a 1972, an mayar da tuƙi hannun dama, direbobi suka sha rikicewa.

Sai kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawara a yi, suka faɗo wa ma'aikata, kowa ya ruga sayen babur da rediyo, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Siyasa fa a kulle take. Gowon ya janye alkawarin da ya yi cewa zai miƙa mulki ga farar hula a 1976, aka kifar da shi a Yulin 1975.