Mai firji ma yana talauci: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan talakawan Birtaniya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce ka ji a labarai wai akwai talakawa miliyoyi a Birtaniya, kana mamakin wane irin talaka ne ke da firji da talabijin da waya, ga ruwan famfo, ga asibiti kyauta, ga gwamnati na ba shi kuɗi. Wasu sun amsa maka cewa lalaci ne kawai da rashin godiyar Allah. Ni ma a da haka zan ce. Yau shekarata goma sha uku a arewacin Ingila, biyu daga ciki a wannan halin na yi su, ni da maiɗakina da yara biyu. Jiki magayi, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

A nan, idan kuɗin da ke shiga gida bai kai kashi 60 cikin 100 na abin da matsakaicin gida ke samu ba, ana sa gidan a lissafin talakawa. Da wannan ma'aunin, bayan an cire kuɗin muhalli, mutum wajen miliyan 14 ne suka faɗa ciki a shekarar 2022 zuwa 2023, yara miliyan 4.3. Kuma kusan bakwai cikin goma na waɗannan yaran akwai mai aiki a gidansu. Masu zancen lalaci sai su riƙe wannan.

Abin da na gane da kaina shi ne, kowace ƙasa da kuɗin rufin asirinta, kuma a ƙasar masu kuɗi ba a sayar da shi da araha. Ba za ka samu fili ka kafa 'yar bukka ba, doka ta hana. Ba za ka ce ka haƙura da waya ba, domin ta nan ake kiranka aiki, ta intanet ake neman tallafi, ta nan makaranta ke aiko wa yaro aikin gida. Firjin da kake gani kuwa, ko dai a gidan hayar ka tarar da shi, ko na hannu ka saya, in ka ɗaga shi ka sayar ba zai biya maka hayar mako guda ba. Kaya su ne masu araha a nan. Abin da ke cin mutum shi ne haya, wuta, ɗumama ɗaki, kuɗin mota da kuɗin renon yara. Su kuwa ba a yi musu ciniki, ba a ce a dakata sai wata mai zuwa.

Ni a wani babban sito nake aiki a lokacin, ta hannun wani kamfanin dillancin ma'aikata, da irin kwantiragin nan da ba a ƙayyade maka awoyi. Da dare za a turo saƙo: gobe ka zo, ko kada ka zo. Kafin Kirsimeti aiki kamar ya kashe mu. Da Janairun 2023 ta kama sai aka ɗauke ƙafa, wani makon kwana biyu, wani makon ko ɗaya. Ga shi a Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 11.1, abin da ba a gani ba cikin shekara arba'in. Na nemi tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Universal Credit, sai na tarar ƙa'ida ce sai ka jira mako biyar kafin kuɗin farko. Ana iya ba ka wani abu ka riƙe, amma bashi ne, za a riƙa zarewa daga abin da za a ba ka nan gaba. Wato da bashi ka shiga tallafin.

Hunturun nan ba zan manta shi ba. Mitarmu ta wuta irin ta lodi ce, wani ɗan makulli ne na roba da za ka kai kanti a sa maka kuɗi, ka dawo ka zura. Ko ba ka kunna komai ba akwai kuɗin da take cirewa kullum, don kawai an haɗa ka da layi. In kuɗin ya kusa ƙarewa sai ta fara ƙara, tit-tit-tit. Na sha tsugunawa a ƙarƙashin bene da fitilar waya ina kallon lambobin, ina lissafin ko a yi wanka da ruwan zafi ko a dafa abinci. Ɗaki ɗaya muke ɗumamawa, yara da rigunan sanyi suke kwana. Ranar Asabar maiɗakina kan kwashe su zuwa laburare, su suna ganin karatu aka je, alhali ɗumi aka je sha.

Gidan da ba a ɗumamawa kuwa danshi ke kama shi. Fumfuna baƙa ƙirin ta cinye bangon bayan gadon yara. Na yi wa mai gidan magana, ya ce mu riƙa buɗe taga. A cikin wannan sanyin! Ban matsa ba, domin a lokacin doka ta ba mai gida damar ba ka wa'adin wata biyu ka tashi ba tare da ya faɗi dalili ba, sabon gida kuma sai ka ajiye kuɗin da zai iya kai hayar mako biyar. Ina zan samo? Gaba kura baya sayaki. Kuma a watannin nan ne ƙasar ke ta maganar yaron nan ɗan shekara biyu da ya rasu a Rochdale a Disambar 2020, wanda bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce ta kashe shi. Ka kwanta kana jin tarin ɗanka da wannan labarin a ranka.

Ranar da na fara zuwa wurin rabon abinci, a zauren wani coci, sai da na kewaya titin sau biyu kafin na shiga. Ba haka kawai ake ba ka ba, sai da takardar shaida daga makaranta ko wata hukuma, abin kuma na kwana uku ne. Wata dattijuwa mai fara'a ta zaunar da ni, ta ba ni shayi, ta tambaye ni ko muna da hanyar dafa abinci a gida. Ban gane ba da farko. Ashe akwai waɗanda wutarsu ta ɗauke gaba ɗaya, su sai a haɗa musu abin da za a ci haka nan daga gwangwani. A layin akwai mata da rigar aikin kula da tsofaffi, daga aiki suka biyo. Ƙungiyar agaji ta Trussell, mai irin waɗannan wuraren rabon abinci, ita kaɗai ta raba irin wannan ƙunshin sama da miliyan 3 daga Afrilun 2023 zuwa Maris 2024.

Amma abin da ya fi ci mini rai yara ne. Babban yana ɗan shekara tara. Wata rana na tsinci takardar yawon buɗe ido na makaranta a ƙasan jakarsa, ta yi mako biyu a dunƙule. Ya ce ai shi ba ya son zuwa. Ƙarya yake, ya ji mu ne muna lissafi da dare. Abincin makaranta kyauta ma bai samu ba, domin a Ingila a lokacin sai in abin da gida ke samu daga aiki bai wuce fam 7,400 a shekara ba, mu kuwa da ɗan aikin sharar da maiɗakina ke yi mun haura da kaɗan. Ka san ɗan ƙwallon nan Marcus Rashford. Shi da wannan abincin ya tashi, shi ya sa a 2020 ya tsaya kai da fata har gwamnati ta janye, ta ci gaba da ciyar da yara a lokacin hutu. Inda kowa babu, yaro ba ya jin shi daban ne. Inda shi kaɗai ne ba zai shiga motar ba cikin yara talatin, ya sani sarai.

Ga kaɗaici. Kowa ƙofarsa a rufe, maƙwabcinka bai san ka kwana da yunwa ba, kai ma ba ka san nasa ba. Wanda ke bin ka bashi ba mutum ba ne da za ka je ka ba shi haƙuri, kwamfuta ce ke turo wasiƙa, in ka makara ta ƙara tara. Akwai lokacin da ambulan ke taruwa a bakin ƙofa ba na buɗewa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce daidai yake da talaucin da ke kashe mutum da yunwa ba. Daren da numfashin ƙaramar ya sarƙe, motar asibiti ta zo, aka kwantar da ita, ba wanda ya nemi ko sisi. Wannan ni'ima ce, na gode wa Allah. Sai dai duk da asibitin kyauta, tsakanin namiji a unguwannin da suka fi talauci a Ingila da na unguwannin da suka fi wadata akwai tazarar kusan shekara goma a tsawon rai.

Ni ma da sauƙi, tunda ina da takardar zama ta dindindin, daga baya kuma na samu aiki tsayayye. Mafi yawan masu bizar karatu ko ta aiki an rubuta musu ƙarara cewa ba su da haƙƙin taɓa tallafin gwamnati. Akwai wanda muka yi aiki tare a siton, su huɗu ne a ɗaki ɗaya, masu aikin dare su kwanta da rana a katifar masu aikin rana. Ranar Lahadi zai sa kwat ɗinsa mai kyau ya shiga tsakiyar gari ya ɗauki hoto a gaban manyan gine-gine ya tura wa dangi, a yi ta yi wa rogo kallon kitse. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai faɗa musu gaskiya ba. Ya ce ya gwada sau ɗaya, aka ce rowa ce ta sa shi kuka.